Neman shawara: 'yata ta tambaye ni ko kakanta yana wuta

Wata 'yar'uwa: Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Don Allah a sakaya sunana.

Ni 'yar ƙasar Malumfashi ce, aure ya kawo ni Kaduna. Mahaifina ya rasu da daminar bara, ya haura shekara 80. Bamaguje ne, haka ya tashi haka ya tsufa: yana yi wa kan gida, wato iskan da ke tsare gidanmu, yanka, ba ya shuka sai ya ba Uwar Gona, iskar gona, nata. Amma bai taɓa hana mu zuwa sujada ba, filin majami'ar ƙauyenmu ma daga gonarsa aka yanka. In mai bishara ya zo masa sai ya yi dariya ya ce a je da yara, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bai yi baftisma ba. Sai dai a makonni ukun da ya yi kwance, kullum da dare yakan sa mahaifiyata ta yi masa waƙa da addu'a, ya ce amin.

Makon jiya a taron farkawa wani baƙon mai wa'azi ya ce duk wanda ya mutu bai karɓi Yesu ba yana cikin wuta yanzu haka. A hanyar gida 'yata mai shekara 9 ta ce, “Mama, ke nan Kaka yana ƙonewa?” Na kasa ba ta amsa. Ni kaina tun ranar ba na barci. Me zan faɗa mata?

Malamin matasa: Yaya, sannu da rashi. Amma gaskiya ɗaya ce ko da ɗaci. Yahaya 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12 ba su bar wata ƙofa ba, kuma Ibraniyawa 9:27 ta ce mutuwa sau ɗaya ce, sai shari'a. Kyautar fili ba ta ceton mutum, Afisawa 2:8-9 ta rufe wannan. Kada ki yi wa yarinya ƙarya don tausayi.

Maman biyu: Allah ya ba ku haƙuri. Ni ma mahaifiyata haka ta tafi, na san wannan ciwon.

Baba Fasto mai ritaya: Ɗiyata, ki saurare ni. Abin da malamin matasa ya kawo daidai ne, ban cire ko wasali ba. Babu ceto sai ta wurin Almasihu, kuma da fili yana sayen Mulkin Sama da masu gonaki sun cika shi. Amma tambayarki ba wannan ba ce. Kina tambaya ne ina mutum ɗaya, mahaifinki, yake. Wannan kuwa ba a ba ni amsarta ba, ba a ba mai wa'azin ba.

Ki buɗe Luka 23:39-43. Ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu bai yi baftisma ba, bai shiga ajin masu bi ba, bai fito gaban bagade ba. Magana ɗaya ya yi yana bakin mutuwa, aka ce masa yau zai kasance a Firdausi. Da Luka bai rubuta ba, da uwar ɓarawon ta mutu tana zaton ɗanta ya hallaka. To, mutumin da ya yi dare 21 yana neman a kira masa sunan Yesu, wa ya san abin da ya gudana tsakaninsa da Mahaliccinsa? Ban ce miki ya tuba ba. Na ce ba ki sani ba, ni ma haka. Shi ya sa Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 4:5 kada a yanke hukunci kafin lokaci, sai Ubangiji ya zo ya tone nufin zukata. A Wahayin Yahaya 20 ma, a gaban farin kursiyi ake buɗe littattafan, ba a kan mumbari ba.

Wuta gaskiya ce, Yesu da kansa ya yi ta gargaɗi a kanta. Kalmar da ya fi amfani da ita, Gehenna, sunan kwarin Hinnom ne a kudancin Urushalima, inda aka taɓa ƙona yara hadaya har sarki Yosiya ya ƙazantar da wurin, 2 Sarakuna 23:10. Da ita da Jahannama da muke faɗa tushensu ɗaya. Amma ki lura da waɗanda yake yi wa gargaɗin: rayayyu ne da ke tsaye gabansa, sau da yawa ma malaman addini. Ban ga inda ya sami mai makoki ya ce masa naka yana wuta ba.

Ɗan Kafur: Baba, to kakanninmu fa da ba su taɓa ji ba sam? A zamanin Turawa ba a cika barin 'yan mishan su yi wa'azi a masarautu ba, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ma sai 1932 ya fito. Duk waɗanda suka riga mu sun tafi ke nan?

Baba Fasto mai ritaya: Romawa 2:12-16 ta ce wanda bai sami Shari'ar Musa ba, ba da ita za a auna shi ba, lamirinsa ne zai ba da shaida. Luka 12:47-48 kuma ta bambanta bawan da ya san nufin ubangidansa da wanda bai sani ba. Daga nan masana suka rabu, kuma na ga an kwana ana gardamar a makarantar Baibul ba a gama ba. Ni inda nake tsayawa shi ne tambayar Ibrahim a Farawa 18:25, ko Mai shari'ar dukan duniya zai kasa yin adalci.

'Yar Katolika daga Zariya: Mu a wurinmu Majalisar Batikan ta Biyu, babban taron shugabannin Katolika, ta koyar a 1964 cewa wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya, yana iya samun ceto, kuma ta wurin Almasihu ne dai. Muna yi wa matattu addu'a, musamman ran 2 ga Nuwamba.

Malamin matasa: Mu dai a ikkilisiyar ECWA ba ma yi wa matattu addu'a. Luka 16:26, akwai babban rami tsakanin wurin hutawa da wurin azaba. Kuma shi wannan tsohon ai ya ji.

Malamar makarantar Lahadi: Ku yi haƙuri, kun bar yarinyar a tsaye kuna ta jan ayoyi. 'Yar'uwa, ɗan shekara 9 ba tauhidi yake nema ba, tsoro ne ya kama shi. Ki zaunar da ita ki ce: ban sani ba, mai wa'azin ma bai sani ba, Yesu ne mai shari'a, ya san Kaka fiye da mu kuma ba ya zalunci. Ki gaya mata yadda yake cewa amin. Kada ki ce yana sama, kada ki ce yana wuta. Sannan ki kula da barcinta kwana biyu, in tana firgita ki kwana kusa da ita. Ki kuma sami fastonku ki faɗa masa abin da ya faru, don ba 'yarki kaɗai ce yarinya a taron ba.

Wata 'yar'uwa: Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malama. Na yi mata magana jiya da dare yadda kika ce. Ta yi shiru, can ta tambaye ni wace waƙa Kaka ya fi so. Ban sani ba, ina Kaduna lokacin jinyar. Na kira Inna da safe, ta ce in bari sai mun zo Kirsimeti ta koya mata da bakinta. Yayana na can gida, shi ya gaji kan gidan, har yau bai taɓa shiga majami'ar da ke cikin gonarsa ba. Ku sa shi a addu'a.