Shawarwari kan nazarin sauyin hali a wasan The Crucible

A tattaunawar da muka yi da wasu malaman adabi kan wasan kwaikwayon da Arthur Miller ya fitar a 1953, wanda ya ginu kan shari'ar mayu ta garin Salem a Amurka a 1692, shawarar farko ita ce kada ɗalibi ya tsaya kan John Proctor, jarumin wasan, kaɗai. Gaskiya ne ya shigo da laifin neman Abigail, tsohuwar 'yar aikin gidansa, a wuyansa, ya tona asirin kansa a kotu, daga ƙarshe ya yaga takardar amsa laifin maita da ya sa wa hannu, ya zaɓi rataya. Amma wannan kowa ya gani.

Inda aka fi daɗewa shi ne kan Fasto Hale. Mutumin da ya iso gari rungume da manyan littattafai yana farautar mayu, ya sa hannu a hukuncin kisa, shi ne ya dawo kurkuku yana roƙon waɗanda aka yanke wa hukunci su yi ƙarya su tsira da ransu. Wasu suka ce tuba ce, wasu suka ce imaninsa ne ya karye. Ni dai tausayinsa ya fi kama ni.

An kuma ce a duba Elizabeth, matar Proctor, da kyau: matar da ba ta ƙarya, ranar da ta yi don rufa wa mijinta asiri, ƙaryar ce ta kayar da shi. Sai a auna su duka da Danforth, alƙalin da bai motsa ba ko kaɗan.