Gwajin MOT da tuƙin ƙauye a Birtaniya: me ya kamata a duba?

Sabon_Zuwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda aikinsa yake ƙauye a Birtaniya, kullum yana bin ƙananan hanyoyin nan masu ramuka da laka, ga lokacin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, ya ƙarato, me ya fi kayar da irin motarsa a gwajin? Kuma lasin tuƙi na Najeriya har yaushe yake aiki a can?

Bakanike_M:
Wa alaikumus salam Malam. Motar ƙauye daga ƙasa take faɗuwa, don haka can za ka fara leƙawa. Rami yana karya sifirin, galibi zagayensa na ƙarshe, kuma mai mota ba ya sani sai an ɗaga ta. Duba shokazoba ko tana yoyon mai, ka saurari ƙwanƙwasa in ka hau gargada. Sai tsatsa. Gishirin da suke watsawa kan titi da hunturu yana haɗuwa da laka ya maƙale a ƙarƙashi, ya yi ta cin ƙarfe da bututun birki. In tsatsa ta cinye ƙarfe cikin santimita 30 daga inda aka ɗaure sifirin ko bel ɗin kujera, mota ta faɗi gwajin. Maganinsa wankin ƙasan mota da ruwa mai ƙarfi, musamman bayan sanyi ya wuce.

Taya kuwa zanenta kada ya gaza milimita 1.6. Cusa kwandalar 20p cikin zanen, in kana hango bakinta na waje, to tayar ta kusa. Ka shafa gefen ciki ma, domin rami yana ɓata saitin ƙafa, sai ciki ya cinye alhali waje yana nan kamar sabo. Kumburi a gefen taya ba a lallaɓa shi, canji ne kawai.

Abin haushi shi ne ƙananan abubuwa: kwan fitila da ya mutu, waifa da ta yage, tankin ruwan wanke gilashi babu ko ɗigo, lamba da laka ta rufe. Tsagewar gilashi da ta wuce milimita 10 a saitin idon direba tana kayarwa, sauran inda waifa ke sharewa kuma milimita 40. Fitilar gargaɗin inji in tana kunne, ita ma haka.

Hajiya_Wales:
Lasin Najeriya wata 12 ne daga ranar da ka zama mazauni, kuma ba a musanya shi. Sai ka nemi na koyo, ka ci jarrabawar rubutu da ta tuƙi. Fara da wuri, samun rana yana jan lokaci.

Kan tuƙin, farin allo mai baƙin layi a karkace yana nufin gudun mil 60 a awa a irin waɗannan hanyoyi. Iyaka ce kawai, ba a ce ka kai ta ba. Bayan kwanar da shinge ya rufe ana iya samun tarakta ko tumaki. A hanyar da mota ɗaya take ɗauka akwai wuraren kaucewa. In wurin yana hagunka ka shiga, in yana dama ka tsaya daura da shi, mai zuwa ya shiga. Doki a wuce shi ƙasa da mil 10, da tazarar mita 2, ban da hon.

Bakanike_M:
Gaskiyarki Hajiya. Na manta batun lokaci. Kuɗin gwajin ba ya wuce fam 54.85, kuma za ka iya kai motar tun saura wata guda ba kwana ɗaya takardar MOT ta ƙare, ba tare da ranar sabuntawarka ta canja ba. In takardar ta ƙare, tafiyar da aka yarda da ita kawai ita ce zuwa garejin gyara da dawowa, ko zuwa gwajin da ka riga ka kama wa lokaci, in ba haka ba tarar tana iya kai fam 1,000. In aka rubuta matsalar mai haɗari ce, motar ba ta hawa titi sai an gyara, ko da tsohuwar takardar ba ta ƙare ba.

Sabon_Zuwa:
Allah ya saka da alheri. Gobe zan fara da tayoyin.