Hotunan da muke ɗauka ranar aiki, su wa suke nunawa?

Jami'in yaɗa labarai: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamiti ya ɗora mini fitar da tsari guda na yadda rassan ƙungiyarmu za su riƙa ɗaukar hoto da bidiyo, ana so a gama kafin azumi ya kama. Na tattara abin da rassa suka turo bara na duba. Idan ka rufe tambarinmu da ɗan yatsa, ba ka cewa ƙungiya ɗaya ce. Mafi yawa manyan baƙi ne zaune a rumfa, ko mutane a jere bayan ƙyalle mai rubutu. Samari da 'yan matan da suka sha zufar aikin kuwa, sai an tona kafin a gan su. Don Allah duk wanda ya taɓa riƙe waya ko kyamara ranar aikinmu ya faɗi abin da ya gani.

Mai ɗaukar hoto, reshen Kano: Wa'alaikumus salam Yaya. Hoton da ya fi jawo mana sababbin mambobi shi ne na ranar yashe kwata kafin damina. Wani yaro ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya ɗago shebur cike da baƙin taɓo da ledojin ruwa, abokinsa na riƙe da baro yana dariya. Babu wanda ya kalli kyamara. Durƙusawa na yi na ɗauka daga ƙasa, shi ya sa suka cika hoton, rigar ƙungiya ta fito raɗau.

Sai a kula da haske. Rana tsaka ba ta yi wa fuskarmu adalci, idanu su shige inuwa, goshi ya yi ta ƙyalli. Da hantsi ko bayan la'asar ya fi. Rumfa mai jan tamfol kuma kan shafa wa kowa ja a fuska. Idan baƙin mutum ya sa farar shadda, waya kan auna haske da farin kayan, sai fuskar ta dushe. Ka taɓa fuskar a allon waya kafin ka danna. Matsalar ta daɗe. A shekarun 1950, katin da kamfanin Kodak ke raba wa masu wanke hoto don daidaita launi hoton Baturiya ne a jiki. Shi kuma Transsion, mai yin Tecno da Infinix da itel, cikin abin da ya ci kasuwar Afirka da shi har da gyara kyamara ta dace da baƙar fata. Roƙona ɗaya, a kashe filtar nan mai goge fuska ta haskaka mutum. Yaranmu su fito da launin da Allah ya yi su.

Shugabar mata, reshen Zariya: Ɗan'uwa, na yarda da kai, amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Ranar rabon kayan azumi aka jera mata a harabar wata makaranta, aka ce kowace ta rungumi buhunta ta ɗago kai a ɗauka. Akwai wata baiwar Allah da mijinta bai daɗe da rasuwa ba. Ina kallonta tana ta jan mayafi tana rufe fuska, layi na matsowa ita tana ja da baya. Da saura mutum biyu a gabanta sai ta sulale ta fita ta ƙofar baya. Na bi ta har bakin titi. Ta ce mini 'yarta an sa mata rana, ba za ta so dangin miji su ga uwar a Facebook riƙe da buhun sadaka ba. Da dare muka kai mata kayan gida.

Tun daga ranar a reshenmu ba ma ɗaukar fuskar mai karɓa. Muna ɗaukar 'yan matanmu suna auna gero da kwano, suna ƙulla sukari, samari suna lodi a a-daidaita-sahu. Idan dole sai an nuna miƙawa, hannuwa kawai. Wallahi hotunan sun fi na da kyau, kuma matan da suka daina zuwa sun dawo.

Ma'aji: Hajiya, Allah ya saka da alheri, ba na musa abin da kika gani. Amma ni ne nake zama gaban masu ba mu tallafi. Mutum ya ba ka buhu hamsin, yana da haƙƙin ganin inda suka shiga, kuma kin san yadda ake zargin ƙungiyoyi a garin nan. Ko a Baƙara aya ta 271 an ce bayyana sadaka abu ne mai kyau.

Shugabar mata: Haka ne Malam, kuma ci gaban ayar ya ce ɓoyewa a ba matalauta ya fi alheri. Shaida ai ba sai da fuska ba. Mu muna kai rasit, da takardar sunaye da mai unguwa ya sa wa hannu, da bidiyon ƙirga buhuna. Wanda ya so, ya aiko wakili ya tsaya ya gani. Abin da za a miƙa wa mai tallafi a hannu daban, abin da za a watsa wa duniya daban.

Ma'aji: In dai za a raba su biyu haka, na amince. Amma a rubuta a tsarin, don kada gobe a bar ni da baki kawai.

Malamin firamare, reshen Jos: Ku ba ni dama in shigo da batun yara. Mun taɓa kai ziyara wani gidan marayu, kafin mu koma gida hotunan yaran sun zagaye gari daga wayoyin mambobi, har ana iya karanta bajon makarantarsu a aljihun riga. Mai kula da gidan ta kira mu ranta a ɓace, kuma da gaskiyarta. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ce idan bayanin yaro ne, sai an nemi amincewar iyaye ko mai riƙonsa, kuma dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Da yawa daga mambobinmu ma ba su kai ba. Yanzu muna da 'yar takarda da Hausa da muke ba iyaye lokacin rajista. Wanda bai yarda ba, muna ɗaura wa ɗansa zare a hannu ranar aiki, mai kyamara ya gani ya kauce. Kuma mutum biyu kaɗai ke ɗauka, sauran wayoyi a aljihu.

Mai haɗa bidiyo, reshen Katsina: Nawa gajere ne. A yanke shawara tun kafin a fara: in na TikTok ne ko status, waya a tsaye, in na YouTube ne, a kwance. Mutane kan jure hoto mai ɗan hazo, amma ba sa jure sautin da janareto ko iskar hunturu ta cinye, don haka a ja mai magana gefe, a matso da waya kusa da shi. A bar matashin da ya yi aikin ya yi bayani da bakinsa, da Hausar garinsu, maimakon jawabin shugaba. Sannan in za ku turo mini ta WhatsApp, ku turo a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto ta rage ingancinsa.

Mamba, reshen Sakkwato: Yaya, a ƙara da riga. Namu reshen ya buga kore mai duhu, na Gusau mai haske, tambari wani a ƙirji wani a baya. A tsayar da launi ɗaya da wuri ɗaya. Kuma ranar aiki a roƙi kowa ya bar hular jam'iyyarsa a gida, don hoto ɗaya ya taɓa sa an yi ta ce mana yaran wani ɗan takara.

Jami'in yaɗa labarai: Na gode ƙwarai, duk na rubuta. Zan kawo daftarin zaman kwamiti mai zuwa, tare da takardar reshen Jos a matsayin samfuri. Saura abu ɗaya da nake neman ra'ayinku a kai kafin nan. Hotunan rabon shekarun baya, masu fuskokin iyayenmu mata a fili, har yanzu suna kan shafinmu. Ni ina ganin a sauke su duka a makon nan. Hajiya, Malam Ma'aji, me kuka ce?