Waɗanda suka taɓa sa hannu a gyaran tsohon jirgin yaƙi, ku zo mu ji

Fanel Bita: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan ina zuwa aikin sa kai ranakun Asabar a wani ƙaramin gidan tarihin jiragen sama nan Ingila. Abin da ya ja ni shi ne ganin Lancaster, jirgin jefa bama-bamai na Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, mai lamba NX611, wanda ake kira Just Jane, a East Kirkby da ke yankin Lincolnshire. Kamfanin motoci na Austin ne ya ƙera shi a Birmingham a 1945, an yi niyyar tura shi yaƙin Japan, yaƙin ya ƙare bai je ba. Sojan ruwan Faransa suka yi aiki da shi har tsibirin New Caledonia, ya dawo Ingila a 1965. Yanzu so ake ya sake tashi. Wa ya taɓa irin wannan aiki? Ni dai na je da tunanin za a miƙa mini sufana in hau inji, sai aka ba ni buroshi da guntun falankin alminiyon.

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Haka ake fara wa kowa, ƙanena. Ni hunturu guda cur na yi ina kankare tsohon fenti a inda nake zuwa. Tsatsar alminiyon ba ja ba ce irin ta ƙarfen mota, fari-fari take kamar garin rogo, kuma can ƙarƙashin fenti da mahaɗar falanki take ɓuya. Sai ka ga wuri sumul, ka buɗe ka tarar ya cinye. Cire ƙusar ribit ɗaya ma darasi ne: tsakiyar kanta za ka huda daidai, in hannunka ya goce ramin ya faɗaɗa, ka jawo wa wani aikin kwana biyu. Kuma a jikin jirgin dubbai ne. Dattijon da ya koya mini, tsohon bakaniken sojan sama ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai ya karɓi abin ya juya shi, ya ce a sake.

Ɗalibar Injiniya: Baba, abin da ya ba ni mamaki takardu ne. Jirgin da za a ajiye don kallo daban, wanda zai ɗauki rai sama daban. Kowane ƙarfe sai an rubuta asalinsa, injiniya mai lasisi ya sa hannu. Aikina duba tsofaffin zanen masana'anta ne, awonsu duk da inci. Cikin Lancaster 7,377 da aka ƙera, biyu kaɗai ke tashi yau, ɗaya a Coningsby ta Ingila, ɗaya a Hamilton ta Kanada. Shi ya sa ba a gaggawa.

Fanel Bita: Gaskiya ne. Amma ranar da na tsaya aka tayar da injinan Merlin huɗu na Just Jane, ɗaya bayan ɗaya, har cikin ƙirjina na ji rugugin. Wani tsoho kusa da ni yana ta share hawaye.

Malam na Fagge: Yarana, ni ban taɓa riƙe guduma a East Kirkby ba, ziyara na kai da jikokina, kuma zuciyata ba ta kwanta gaba ɗaya ba. Irin wannan jirgi ne ya ƙona Hamburg a 1943 da Dresden a 1945, mata da yara a ciki. Na kuma san waɗanda suka kafa wurin, Fred da Harold Panton, manoma ne da suka sayi jirgin a 1983 don tunawa da yayansu Christopher, sojan sama, wanda ya mutu a harin da jiragen Ingila suka kai Nuremberg ta Jamus a Maris 1944. Ma'aikatan jiragen bama-bamai na rundunar sojan saman Ingila su 55,573 ne ba su dawo ba, yawancinsu samari. Duka biyun na ɗauko na taho da su gida. Mahaifina kuwa ya sha ba mu labarin jiragen Ingila da ake harhaɗawa a Takoradi ta Ghana lokacin yaƙin, su sauka Kano da Maiduguri kan hanyar Khartum zuwa Masar.

Ɗalibar Injiniya: Malam, nima na yi wannan tunanin ranar da na leƙa mazaunin mai bindigar baya. Wuri ne matsattse, mutum shi kaɗai cikin sanyin dare, nesa da sauran abokansa shida. Tun daga nan nake gaya wa yaran makaranta da ke zuwa mana labarin na sama da na ƙasa tare.

Baban Yara: Fanel Bita, in za ka zo wannan Asabar ka taho da safar hannu mai kauri, rumfar akwai sanyi. Falankin ƙarƙashin fiffike za mu buɗe.