Mura ta wuce, sai ga tabo da kumburi a jikin yaro: wa ya taɓa gani?

Maman 'yan biyu, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum iyaye. Ɗana mai shekara 6 ya yi mura da ciwon maƙogwaro a farkon sanyin nan, ya warke. Bayan kamar sati biyu sai ga tabo-tabo sun feso masa tun daga idon sawu har ɗuwawu, gwiwa ta kumbura, ciki yana murɗa. Lokotoron yara ya ce ƙananan jijiyoyin jini ne suka kumbura, wai garkuwar jiki ce da ta tashi yaƙar ƙwayar murar ta juyo tana yi wa mai ita ɓarna. Ya rubuta sunan a takarda: Henoch-Schönlein. Kaf danginmu ba wanda ya taɓa jin sa. Don Allah wanda ya ga irin wannan ya faɗa mana yadda aka kwashe.

Baban Hajiya ƙarama, Tibiri:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Ɗiyata ta yi shi. Kakarta ta rantse baƙon dauro ne da ya ƙi fita, alhali yarinyar ta sha allurarta ta wata tara. A baƙar fata tabon ba ja yake fitowa ba, duhu-duhu ne, sai ka shafa da hannu ka ji ya ɗan taso. Cikin wata guda ya baje, ya sake leƙowa kaɗan, ya tafi. Abin da aka tsare mu da shi shi ne awon fitsari da awon hawan jini har wata shida, don ciwon yakan taɓa ƙoda yaro yana ta wasansa ba ka sani ba.

Majo (babban ma'aikacin jinya) mai ritaya, Sabon Gari:
Malam ya faɗi gaskiya, ƙodar ita ce abin tsoro. Cikin cututtukan kumburin jijiyoyin jini na yara wannan ya fi kowanne yawa, kuma kusan ɗaya cikin uku yakan dawo musu. Amma Hajiya, a kiyaye abu biyu. Tabon da aka danna da gefen kofin gilashi bai dushe ba, in ya haɗu da zazzaɓi mai zafi ko sandarewar wuya ko yaro ya yi laushi, a ɗauka sanƙarau ne har sai asibiti ta ce ba shi ba ne. Mu nan cikin yankinsa muke, ba a kwana da shi a gida. Na biyu, kar a saya masa ibuprofen ko diclofenac wajen masu magani a tire saboda ciwon gwiwa, suna ƙara wa ƙoda nauyi. In cikin ya tsananta, ko aka ga jini a kashi, a koma a ranar.

Inna, Madarunfa:
Namu daban ne, amma lokotoro ya ce 'yan gida ɗaya ne. Jikana yana da shekara 2, zazzaɓi ya kama shi ana tsakiyar damina. Kun san damina, kowane zafin jiki sauro ake ɗora wa. Aka tsaga yatsa, gwaji bai nuna komai ba, duk da haka aka ba da maganin, zazzaɓi bai ko gezau ba. Idanu suka yi jawur amma babu kwantsa ko ɗigo. Leɓe ya tsattsage yana jini, harshe ya yi ja da ƙuraje, tafin hannu da na ƙafa suka kumbura, ga kaluluwa guda a wuya. Ga rigima, ko uwarsa ta ɗauke shi ihu yake. Wata ta ce amosanin jini ne saboda kumburin hannun, wata ta ce iska. Ni dai na goya shi muka hau mota sai Maradi.

Can aka ce Kawasaki. Na ce babur? Suka yi dariya, suka ce sunan wani likitan yara ne na Japan da ya bayyana ciwon a 1967. Aka yi masa hoton zuciya, don jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar su ne ciwon yake bi ya buɗa. Daga baya fatar kan yatsunsa ta dinga saɓulewa tun daga gindin farce kamar bawon albasa. Yanzu yana guje-guje, amma hoton zuciyar ba mu fasa komawa ba.

Majo mai ritaya:
Inna, Allah ya saka miki da kika ƙi zama. Zazzaɓin da ya kai kwana 5 a yaron da bai cika shekara 5 ba, da jan ido marar kwantsa, shi ne abin lura. Baƙon dauro yana zuwa da tari da majina da ido mai ruwa. In ba a yi magani ba, kusan kashi 25 cikin 100 jijiyar zuciyarsu takan buɗe. Ƙarin ruwan garkuwa, wato immunoglobulin, in an ba da shi cikin kwana 10 na farko, yana sauko da wannan zuwa kusan kashi 5. Yana da tsada, kuma ba ko'ina ake samun sa ba. Ana haɗawa da asfirin, amma a hannun lokotoro kawai, don asfirin a jikin yaro mai mura ko ƙarambau yana iya lalata hanta da ƙwaƙwalwa.

Kawu ɗan kasuwa, Ali Ɗan Sofo:
Ni fa tun zuwan korona na fara jin irin waɗannan. Ɗan ƙanena da ke Faransa ya kwanta da zazzaɓi da gudawa da jan ido kamar wata guda bayan korona ta ratsa gidansu, shi ko tari bai yi ba lokacin. Har ɗakin masu tsananin ciwo aka kai shi. Anya ba duk ita ce ba?

Majo mai ritaya:
A'a Alhaji. Wancan a watan Afrilun 2020 likitocin Ingila suka fara ba da labarinsa, yana zuwa sati 2 zuwa 6 bayan korona, ya fi kama yaran da suka ɗan tasa. Kawasaki ya girme shi da shekaru fiye da 50, kuma har yau ba a kama ƙwaya guda an ce ita ce sanadi ba, zato dai ake wata cuta ce ke tayar da shi. Inda aka tabbatar da alaƙa shi ne tsakanin ciwon hanta nau'in B da wani kumburin jijiyoyi matsakaita, kuma rigakafin ciwon hantar na cikin allurar penta da ake yi wa jarirai a sati 6 da 10 da 14.

Maman 'yan biyu:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Baba Majo, ɗan'uwansa fa? Shimfiɗarsu ɗaya. Kuma mushen lakwal ɗinsu ya ce kar ya dawo sai tabon ya ɓace.

Majo mai ritaya:
Ba a ɗaukarsa, Hajiya, su ci gaba da kwana tare. Ki karɓo takarda wajen lokotoron ki kai wa mushen. In gwiwar ta sauka ya koma aji, ranar awon fitsari ki nemar masa izini.