Neman kalma: me za mu kira "sauropod" da Hausa?

Mai shirin kimiyya a rediyo, Sabon Gari: Assalamu alaikum malamai. Ana shirya bayani kan dinozor na Nijar, wato dabbobin zamanin da da suka ɓace daga duniya, an cije a kalmar sauropod, sunan wani dangi daga cikinsu. In aka karanta ta yadda aka rubuta, mai sauraro "sauro" zai ji, ya ɗauka maganar cizon dare ake, alhali dabba ce mai tan da yawa. An kawo "ƙaton ƙadangare" da "mai dogon wuya". Wanne ya fi?

Malamin kimiyyar halitta, Birni: Wa alaikumus salam Malama. A cire ƙadangare. Gaskiya ne Marsh, masanin Amurka da ya raɗa sunan a 1878, "ƙafar ƙadangare" yake nufi da Girkanci, amma sunan bai dace da dabbar ba. Dubi ƙadangare a jikin katanga: ƙafafunsa a baje suke gefe, ciki na shafar ƙasa. Sauropod ƙafafunsa huɗu a tsaye suke ƙarƙashin jiki kamar na giwa, su ke ɗauke da nauyin. Damo da guza ma haka, ba su shiga.

Mai nazarin duwatsu, Zango: "Mai dogon wuya" ya kama mafi yawansu, sai dai zai kunyata mu a gida. Jobaria da aka tono a yankin Ingal, mai tsawon kusan mita 18, wuyansa na da tsawo, ko da bai kai na wasu danginsa ba. To Nigersaurus fa, na Gadufawa a hamadar Tenere, wanda masanin Amurka Paul Sereno ya sa wa suna a 1999? Mita 9 ne, ƙasusuwan wuyansa 13, kuma a danginsa gajeren wuya gare shi. Kiwonsa a ƙasa yake: baki mai faɗi, haƙora sama da 500 jere-jere, wanda ya cinye ya faɗi na bayansa ya maye gurbi cikin kamar kwana 14. Sannan duk wanda ya ji dogon wuya, raƙumin dawa zai hango. Ni "mai ƙafar turmi" nake gani, don ƙafar ce suka yi tarayya a kanta.

Malamin kimiyyar halitta: Turmi ya zauna, Malam. Kauri, tsayuwa, gindi mai faɗi, kowa ya san shi a tsakar gida. A aji sai a rubuta soropod, da "o" yadda bakin Faransanci ke faɗa, sauro ya fita daga zancen.

Mai shirin kimiyya a rediyo: Na karɓa. Saura fosil, wato ragowar halittun da da ake tonowa a ƙasa. Na ga ana rubuta "burbushin halittu".

Mai nazarin duwatsu: Burbushi na tuwo ne da biredi, Malama. Ƙashin cinyar manyan sauropod ya kai tsayin mutum. A ce "ƙashin dutse", domin abin da ya faru ke nan: laka ko yashi ya binne gawa da wuri, ruwan ƙasa mai ma'adinai ya ratsa ƙofofin ƙashin ya cike su, a hankali ya zama dutse. Shi ya sa ya fi ƙashin raƙumi nauyi nesa ba kusa ba, amma ya fi shi saurin karyewa. Wanda iska ta tone, rana da sanyin dare sun riga sun tsattsaga shi. Ka ɗaga da hannu ya wargaje. Masu tono sukan share yashi da buroshi, su ɗiga gam mai ruwa-ruwa ya shige tsagar, su rufe da takarda, su naɗe da tsumman buhu da aka tsoma a filasta irin ta ɗaurin karaya. Sai ta bushe ake sare ƙasan a juya. In aka manta takardar, filasta ta manne da ƙashin, wajen ɓarewa ta tafi da fuskarsa. Kuma kafin a ɗaga komai ana zana inda kowane ƙashi yake kwance, in ba haka ba an rasa sanin na dabba ɗaya ne ko na biyu.

Malamin kimiyyar halitta: Gyara ɗaya: ba kowane fosil ne ƙashi ba, akwai sawu da ƙwai da itace. A bi tsarin kawai: sawun dutse, ƙwan dutse, itacen dutse. Malama, in za ki ba da misali na kusa, ga Spinophorosaurus da aka bayyana a 2009, daga wajen Adarbisanat, kan hanyarmu ta zuwa Agadas. Shi ma mai ƙafar turmi ne.