Gidana a Mabera ya ƙi sayuwa, in rage kuɗi ko in jira?

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu harkar gidaje a Sakkwato.

Wata takwas ke nan da na sa gidana na Mabera a kasuwa, ɗaki huɗu da falo, akwai rijiya, takardun mallaka kuma cikakku. Na sa masa miliyan 28. Dillalai uku na ba wa, kowa ya zo da mutane sun zagaya, sun yaba, sun tafi shiru. Tayi mafi tsoka da na samu miliyan 19 ne, na ce albarka. Na sake fenti, na gyara silin, na sauko zuwa 25, duk da haka ko kira babu.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 siminti da rodi da kwano sai hawa suke, ga shi kamfanin siminti na nan Kalambaina kusa da mu amma buhu bai yi sauƙi ba. Yau in zan gina irin gidan nan, kuɗin da nake nema ba za su isa ba. To me ya sa ginanne ya faɗi? Wani dillali ya ce fili ne ke tafiya yanzu, wajen Arkilla da Dambuwa, gida kuwa kuɗi ya yi wa mutane yawa. Ban sani ba ko yana so ne in karya don ya ci la'ada da wuri.

Wanda ya sayar da gida kwanan nan a Mabera ko kusa, nawa ya rage daga kuɗin farko kafin ya sallama?